Birkin Injiniya Mumuni

Akwai wani mutum a unguwar Nima da ba zan kama sunansa ba. Ya san kansa, yana nan kuma yana kurɓar shayin ataya kamar bai aikata komai ba. Shi ne ya fara kiran Mumuni "Injiniya", don haka duk abin da ya faru a gangaren gidan Hajiya Rahinatu a wuyansa yake. Da can Mumuni direban tasi ne mai surutu kawai, irin surutun da ba ya cutar komai sai kunne. Ran nan a bes, inda maza ke taruwa shan shayi bayan la'asar, fanka ta tsaya. Mumuni ya tashi ya kai mata mari, ita kuma don rashin mutunci sai ta tashi. Mutumin nan ya ajiye kofi ya ce, "Ei! Injiniya!" Shi ke nan, an miƙa wa mahaukaci wuƙa.

Daga ranar Mumuni ya tuna cewa ya taɓa aiki a garejin Turawa a Jamus. Duk Nima an san a Agadas ya tsaya, ya yi wata huɗu yana wanke kwanuka, ya dawo da tari da rawani. Amma tunda ba wanda ya raka shi, labarin nasa ne.

Abu guda ya tsaya masa a maƙogwaro, wato surukarsa. Mma Rahinatu mai wakye, wato shinkafa da wake, uwar matarsa Salamatu, shekara goma sha ɗaya ba ta sa ƙafa a motarsa ba, tun ranar da ya zo gaisuwa yana sabon ango ya yi baya da mota ya kifar mata da tukunyar miya. Ko ruwa ake tsugawa, in ya tsaya ya buɗe mata ƙofa, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da trotro, bas ɗin haya, a gabansa.

Bana Allah Ya kira ta Makka. Ta bi gida gida neman gafara kamar yadda aka saba, har ta iso nasu.

"Mijin Salamatu, in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini."

Da wani surukin ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Mumuni kuwa ya ga kasuwa ta ci.

"Mma, na yafe duniya da lahira. Roƙo ɗaya gare ni. Ran da za ku dawo, ni zan ɗauko ku."

Ba ta da mafita. Mai shirin zuwa ɗakin Allah ba ta son barin ɓacin rai a baya.

"To. Amma ka ji sharaɗina. A ƙofar gidana za ka ajiye ni, ba ƙofar wani ba."

"Mma, in kun ce a kan tabarma, a kan tabarmar zan ajiye ku."

Sai dai motar da aka yi wa wannan alkawari tana da nata halin. Birkin hannunta ya rasu da daɗewa, wani guntun katako Mumuni ke yawo da shi, da ya tsaya a gangare sai ya yi wuf ya cusa shi ƙarƙashin taya. Saura kwana huɗu jirgin alhazai ya sauka, birkin ƙafa ma ya fara kuka.

"Kai ta wurin Seidu," in ji Salamatu.

Seidu fita ne, bakanike mai shekara talatin a sana'a, garejinsa na can ƙarshen gangaren gidan Mma, a bakin babbar gota, wato kwatar unguwa. Mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba.

"Seidu? Ni in kai wa Seidu mota? Salamatu, abin da Seidu ke nema da sufana, ni da ido nake ganinsa. Takalmin birki ne ya cinye. Aikin minti goma ne a Jamus."

"A Agadas fa, minti nawa ne?"

Ya ɗauki makullin mota ya fita. Injiniya ba ya jayayya da wanda bai san aiki ba.

Washegari ya nufi Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Ko makaho ya san ƙa'idar wurin: ka ciro tsohon kaya ka zo da shi a hannu, a ɗora a kan sabo a gwada. Mumuni ya zo hannu rabbana, sai tabarau a goshi. Ya shiga shagon wani dattijo.

"Ina tsohon?" in ji dattijon. "Kawo in gwada."

"Baaba, gwaji na 'yan koyo ne."

"Motar ta wace shekara ce?"

"Ta girmi wannan tambayar."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, ya jero kwali biyu a kan tebur. Ya ce na farko mai laushi ne, ba ya ƙara, shi ya dace da motar gari mai tsaya-tafi, aibinsa dai yana saurin cinyewa kuma yana baƙanta taya. Na biyu ya fi daɗewa, ƙurarsa kaɗan ce. Ko wanne ya ɗauka, muddin girman ya zo daidai, zai yi barci da minshari. Mumuni bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na can saman kanta, a kan wani jan kwali mai hoton damisa tana fitowa daga cikin wuta.

"Wancan fa?"

"Wancan ba naka ba ne. Na manyan motoci masu gudu ne. Ƙarfe ya yi masa yawa, sai ya ɗau zafi yake kamawa, ga ƙara. Kai da ke rarrafe daga Nima zuwa Alajo, yaushe zai yi zafi?"

"Ka ce sai ya ɗau zafi yake kamawa? Baaba, ai halina ke nan. Naɗe mini."

"Ba zai ma shiga ba."

"Zai shiga."

Dattijon ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa ya ce, "Zo ka zama shaida. Na faɗa masa sau biyu."

Mumuni bai yi aikin a gida ba. Wa zai gani a gida? A gaban bes ya ajiye mota, ya shimfiɗa buhu, ya jera sufanu uku da ya mallaka, ya ɗaga jak. Kafin ya cire taya wuri ya cika. A sahun gaba akwai Wahab mahauci, ƙanin Salamatu, wanda Allah Ya ba shi izinin tsokanar Mumuni ta hanyar aure, shi kuma bai taɓa barin izinin ya kwana ba.

Aka buɗe jan kwali, aka kara takalmi a mazauninsa. Ya fi wurin tsawo da yatsa guda cur.

"Yaya Mumuni," in ji Wahab, "damisar ta fi kejin."

"Kai mahauci ne, ina ka san wannan? Da gangan Turawa ke barin ƙari, kamar yadda tela ke barin yadi a ciki, don mai hankali ya rage."

Ya tsallaka wurin mai walda, ya ari injin gurza ƙarfe, ya dinga cin gefen takalmin, tartsatsi na tashi har kan rumfar mai ƙosai. Mutumin nan da ba zan kama sunansa ba ya miƙe tsaye ya ce, "Ku duba wuta! Injiniya paa, na gasken gaske!" Jin haka Mumuni ya ƙara gurza, har ya wuce inda ya yi niyya.

A jikin takalmin akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Mumuni ya kama shi da filaya zai ɓalle, daidai lokacin da Seidu ke wucewa za shi masallaci. Seidu ya tsaya, ya duba.

"Wannan shi ke faɗa maka takalmi ya ƙare."

"Ni ba na ajiye ɗan rahoto a motata."

Ƙas, ya ɓalle shi. Seidu ya dubi ɗan ƙarfen a ƙasa, ya dubi Mumuni, ya wuce sallarsa. Abin da ya rage na rashin shiga, taɓaryar fufun maƙwabta ta ƙarasa shi.

Sai gwaji. Mumuni ya ja mota taku ashirin ya taka birki. Ƙarar da ta fito, kai ka ce akuya bakwai ake yankawa da wuƙar da ba ta da kaifi. Kaji suka haura katanga. Wata tsohuwa ta fito da gyale a hannu tana tambayar wa ya rasu.

"Da can kuka take," in ji Wahab, "yanzu kururuwa take. An samu ci gaba."

"Sabon takalmi ne. Kai ma in ka sa sabo ai sai ya cije ka."

Kwana biyu yana yawo da ita a haka, fasinja na sauka tun ba su kai ba. Ana gobe saukar jirgi Salamatu ta tare shi a tsakar gida.

"Ka san Mma ba ta son hayaniya. In ka shigo da ita layi da wannan ihun, mutane za su ɗauka gawa aka kawo. Don Allah ka gangara wurin Seidu, taku nawa ne?"

"Gobe ko sauro ba za ki ji ba."

Bayan sallar asuba ya zauna a gaban motar yana nazari. Ƙofa in tana kuka, me ake sa mata? Mai. Ƙafa in ta yi kaushi tana ƙaiƙayi, me ake shafa mata? Man kaɗe. Tari, ƙuna, targaɗe, kan jariri, akwai abin da man kaɗe bai warkar ba a Zongo? Turawa dai ba su da bishiyar ne, shi ya sa ba su rubuta a kwali ba. Ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko kwanon Salamatu, mai kyau ɗin nan da aka aiko mata daga Tamale, ya cire tayoyin gaba, ya dumbuza da yatsu huɗu ya laƙaba wa fuskar takalman, ya bi faifan da suke kamawa ya mulke shi ciki da waje har yana sheƙi. Ya mayar da komai, ya ja mota a hankali a filin ƙofar gida, ya taka. Shiru. Tsit, kamar masallaci bayan an watse.

Guntun katakon nan kuwa ya ɗauke shi ya jefa bayan ƙofa. Bai dace Hajiya guda ta ga irin wannan a motar injiniya ba.

Salamatu ta fito cikin farin leshi da kwano a hannu.

"Wa ya taɓa mini man kaɗe?"

"Ɓera."

"Ɓera mai yatsu huɗu?"

"Nima ce, komai kina iya gani. Shiga mu tafi, jirgi ba ya jira."

Zuwa filin jirgi lafiya lau. Cunkoson safe ne, mota ba ta wuce saurin mai tallan ruwa ba, ɗan abin da ya rage a birkin baya shi ya yi ta ɗaukar nauyin iyali. Mumuni ya ji sai ya danna sosai kafin ta tsaya, ya ce a ransa haka na Jamus yake, ba ya fizgar mutum.

Hajiya Rahinatu ta fito fari fat, da haƙorin Makka, da carbi. Ta tsaya a gaban motar ta karanta abin da ta karanta, sannan ta shiga baya kusa da 'yarta. Shekara goma sha ɗaya! Mumuni ya rufe mata ƙofa da hannu biyu, ya sa jarkar zamzam da jakunkuna a but, ya waiga ko akwai mai ɗaukar hoto.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Wahab. Wahab ya zo da 'yan babur goma sha biyu, duk da fararen riguna, suka shiga gaba suna hon suna buɗe hanya. Titin da Mumuni bai taɓa gani a buɗe ba tun da ya fara tuƙi, yau ga shi fayau. Ya kuwa sake mata linzami.

Wajen Kawukudi Hajiya ta ɗaga hanci.

"Salamatu, wa ke suya?"

"Suya kuma, Mma?"

"Ƙamshin masa nake ji."

"Ƙamshin gida ne, Hajiya," in ji Mumuni. "Nima ce ke muku maraba."

Wani siririn hayaƙi na fita ta tayoyin gaba. Ya gan shi, ya kau da kai.

Suka karyo kwanar layi. Daga nan gangare ne har gota, gidan Hajiya kuma na tsakiya, mai koren ƙofa. An tare titi da kanofi kamar yadda ake yi, an jera kujerun roba, malamai na kan tabarmi, mata sun yi anko, lasifika na tashi. Mumuni ya gyara hula, ya ɗora ƙafa a birki cikin ƙasaita.

Motar ta ji, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ya ƙara takawa. Ya haɗa ƙafa biyu, har ɗuwawunsa ya bar kujera. Ya ja birkin hannu, ya taso masa sakayau kamar ludayi. Ya maido giya ƙasa, motar ta yi gurnani ta rage, ta koma tafiyar amarya, amma batun tsayawa babu shi a zancen. Ya danna hon. Mata suka ɗauka murna ce, suka rangaɗa guɗa.

Malaman nan da kullum sai an kama su suke miƙewa, ranar an ga abin al'ajabi. Kowa ya suri tabarmarsa ya yi gefe. Kujeru suka watse. Mota ta kutsa ƙarƙashin kanofi, allon tasi na saman rufi ya saƙalo ƙarfen tsakiya, kanofi ya ɗan yi jim, sannan ya ɗaga ƙafafunsa huɗu ya bi ta.

"Mijin Salamatu."

"Na'am, Hajiya."

"Koren ƙofar nan da muka wuce, gidana ne."

"Na gani, Hajiya. Zagayen girmamawa ne. Haka ake wa manya a Jamus."

"Mumuni, tsaya!" in ji Salamatu.

"Ai tsayawar nake yi."

Wahab ya jero da babur daidai taga. "Chale, ɗan'uwa, katakon! Jefo katakon in sa mata!"

"Yana gida."

"Yana ina?"

"Na ce yana gida! Kurma ne kai?"

Jama'a kuwa, waɗanda ke gaba sun gane, suna gudu suna salati. Waɗanda ke baya ba su gane ba, sun ga dai Hajiya na tafiya cikin inuwar kanofi, suka ce sabon salo ne, suka biyo da waƙa da tafi. Ayarin ya wuce ta gaban bes. Mutumin nan na zaune, ya ɗaga kofinsa sama. Da ya hango abin da ke ƙarshen gangaren, sai ya sauke kofin ya shige lungu.

Babbar gota na nan baki buɗe, ba shinge ba komai. Hajiya ta dube ta ta gilashin gaba, ta ci gaba da jan carbi, sai dai ta ƙara sauri.

Seidu na zaune a benci yana shan koko. Ya ɗaga kai ya ga kanofi na tahowa da ƙafafu a sama, hayaƙi a ƙasa, rabin Nima a baya. Ya ajiye kofin a inda ba zai zube ba. Ya tashi ya gangaro da tsofaffin tayoyin babbar mota guda biyu, ya kwantar da su a tsakiyar hanya, ya koma gefe. Mota ta zo ta dafa su, ta tura su taku uku, ta yi tsalle kaɗan, ta tsaya. Kanofin ne bai samu labari ba, ya zame ya wuce, ya kifa cikin gota.

Tsakanin hancin motar da bakin gota bai fi kamu ɗaya ba.

Hajiya ta ƙarasa carbinta tukuna.

"Nan ina ne?"

"Garejin Seidu ne, Mma," in ji Salamatu.

"Ƙofar wani ke nan."

Ta buɗe da kanta ta fito. Mumuni ya riga ta fita, yana yi wa taro jawabi.

"Jama'a, ku shaida, cuta ce! Jabun kaya aka sayar mini! Ba don ƙwarewa ba, wallahi da yanzu wani zancen ake. Wa ya kawo ta daidai gareji? Wa ya auna?"

Seidu ya matso. Ya kawo jak, ya ɗaga mota, ya cire taya, ya zaro takalmin da tsumma don zafi. Abin na naso, yana ɗiga. Ya shinshina, ya dangwala da yatsa ya murza, sannan ya miƙa wa Salamatu. Ta kai hanci sau ɗaya.

"Ga ɓeran," in ji ta.

Seidu ya goge hannu. Ranar ya yi maganar da ta fi ta mako guda tsawo.

"Shekara talatin ina aikin nan. Na ga wanda ya sa takalmi a juye. Na ga wanda ya ɗaure shi da waya. Yau na ga wanda ya yi wa birki shafa."

"Saura kwalli da lalle," in ji Wahab, "sai a kai ta ɗakin miji."

Wuri ya ɓarke. Har malamai sai da suka rufe baki da gefen rawani. Mumuni ya ɗaga hannu.

"To, na ji. Amma a faɗi tsakani da Allah, wa ya ji ƙara? Tun daga filin jirgi har nan, mutum ɗaya ya ce ya ji ƙara!"

Gaskiya kuwa ba wanda ya ji.

"Ku ba shi gaskiyarsa," in ji Hajiya. "Ba ƙara koraa, ko ƙis. Da mun faɗa gotar ma, cikin natsuwa za mu faɗa."

"Hajiya, minti goma. Seidu ya ɗan taya ni, in hau da ku har ƙofa kamar yadda na yi alkawari."

Ta gyara mayafi, ta dubi tudun, ta dube shi.

"Na yi ɗawafi da ƙafata. Na yi Safa da Marwa da ƙafata. Wannan ɗan tudun ba zai gagare ni ba. Gafarar da na zo nema wurinka, na gode, an ba ni. Yanzu kai ke da zuwa nema, kuma da ƙafa za ka zo."

Ta juya ta kama hawa, mata suka rufa mata baya da guɗa. Mumuni ne ƙarshen ayari, da jarkar zamzam a ka, da jaka a kowane hannu, yana bayyana wa wanda ke kusa da shi cewa tudun ne aka gina ba bisa ƙa'ida ba.

Seidu ya tono tsohon takalmin daga bayan bes inda aka yar da shi, ya aika da shi kasuwa aka gwada, aka kawo na farkon nan mai laushi da dattijo ya nuna tun ranar. Ya wanke faifan, ya wanke, ya sake wankewa. Har yau in rana ta take, motar na ƙamshin masa. Hajiya ta koma trotro.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɓata tawadata ba. Amma shekaranjiya ina wucewa, na ga Mumuni tsaye a kan janaretan masallaci ya zura hannu a aljihu yana kallonsa. Sai na ji wata murya daga bes, muryar da na sani sarai, ta ce, "Injiniya, me ka gani?"

Saboda haka na sake faɗa, laifin mai zuga ne, shi da duk wanda ya taɓa kiran wawa gwani don ya samu abin dariya. In akwai mai cewa sharri na yi masa, ba sai mun yi musu ba. Rabin man kaɗen na nan a kwano, sufanun Mumuni uku ba wanda ya ɓata. Ya kawo motarsa, ya zaunar da mahaifiyarsa a baya, mu haɗu a saman gangaren. Ni zan riƙe masa katakon.